Zangon haske: kalmar da muke nema tana cikin rediyo

1/ Jiya ƙanena da ke koyar da kimiyya a sakandare ya tambaye ni: "Yaya, me za mu kira wavelength da Hausa?" Ya ce yakan ce wa ɗalibai "tsawon igiyar haske", sai su ɗauka wata igiya ce da ta miƙe daga rana zuwa ƙasa. Ban ga laifin yaran ba. Haske tafiya yake yana kaɗawa kamar igiyar ruwa, abin da ake aunawa kuma shi ne tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da tudun da ke bin sa.

2/ Ni dai zango na zaɓa, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ya sha jin "gajeren zango, mita 31". Mita 31 ɗin nan ita ce tazarar daga tudu zuwa tudu. Haske da igiyar rediyo kuwa dangin juna ne, dukansu suna gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, zango ne ya raba su. Tun zamanin fatake ma, tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ai zango ake ce mata.

3/ Ku ji yadda take zama a baki. Idon mutum yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700, ko kusa da haka. Nanomita ita ce mita ɗaya a raba gida biliyan. Ja ne mai dogon zango, wajen 700. Sai ruwan lemo, rawaya, kore a wajen 530, shuɗi, har zuwa shunayya mai gajeren zango, wajen 400. Jerin bakan gizo ke nan, domin ɗigon ruwan sama yana karkata kowane zango gwargwadonsa, kamar yadda gilashi mai kusurwa uku na masanin kimiyya Newton ya rarraba farin hasken rana. Ganye kuma yana shanye yawancin ja da shuɗi, ya maido mana da kore. Sama tana yin shuɗi don iska ta fi warwatsa gajeren zango. Da wannan kalma ɗaya malami zai bayyana duk waɗannan.

4/ Wani malami ya ce mini zango ta yi wa kanta yawa: ga zangon karatu, ga unguwannin Zango a Ghana. Gaskiya ne, Malam, amma in aka ce "zangon haske" ko "tsawon zango" babu mai ruɗewa.

5/ Inda nake neman taimakonku shi ne frequency, wato sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Gidajen rediyo suna cewa "mita" ko a tashoshin FM, alhali lambar da suke faɗa megahaz ce, wato kaɗawa sau miliyan a daƙiƙa. Ni "yawan kaɗawa" nake gani. Malaman kimiyya, me kuke cewa a aji?