Abin da na tsinta a hirar fada kan fargabar jarrabawa

Jiya da dare a fada wajen shayi muka zauna da ƴan iniversite Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi, maganar fargabar jarrabawa ta taso, kowa ya zuba tashi. Abin da aka fi nanatawa shi ne kar ka auna kanka da wani, wani ya zo daga Tessaoua ko Dakoro bai saba da amfi, wato babban zauren karatu, cike da mutane ba, malam ya yi tambaya ya san amsa amma zuciya na dukan uku-uku, sai ya noƙe yana ganin kamar shi kaɗai ne bai iya faransanci ba, alhali rabin ajin haka suke.

Wata ƴar shekara ta 3 ta ce in abin ya taso ta fita waje ta ja numfashi a hankali, ta yi alwala, sannan ta koma. Wani ya ce a rage shayi mai ɗaci da kwanan zaune, barci ma karatu ne. Ni dai wannan ban iya ba tukuna.

In kuma ta kai ba ci ba barci har makonni, a je ga likita, kar a ce iska ce kawai.