Kallon tsuntsaye da sassafe a bazara: ina za a dosa daga Damagaram?

Daga Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan zaure. Mai son fita kallon tsuntsaye cikin Maris ko Afrilu, ina ya fi, kuma me zai riƙe?

Daga Birni: Wa alaikumus salam. Bi ruwa, ƙanena. Da bazara ƙananan tafkuna sun ƙafe, tsuntsaye na taruwa inda ya rage. Tafkin Gidimuni, gabas da gari kan hanyar Gure, shi ne na farko. In nisa ya yi yawa, lambunan Mirya sun isa. A isa bakin ruwa kafin rana ta fito, wajen ƙarfe 6. Daga ƙarfe 9 zafi ya tashi, iska na rawa bisa ruwa, madubin hangen nesa ba ya nuna komai sai inuwa.

Daga Mirya: A ƙara da wannan: tsaya ta gabas da tafki, rana a bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi ne. Kuma a gaida masu lambu a nemi izini kafin a ratsa.

Daga Zango: Madubin hangen nesa 8x42, wato mai kusanto da abu sau 8, ya wadatar. Mai 10 ko 12 yana kawo abu kusa, amma rawar hannu ma yana ƙara ta, filin gani ya ƙuntata. Wurin daidaitawa: rufe idon dama, juya dabaran tsakiya har na hagu ya gani tas, sannan rufe na hagu ka gyara zoben da ke gefen dama. Sau ɗaya ake yi. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan tamu yashi ce, karce shi take. A hura tukuna.

Daga Sabon Gari: Madalla, Yaya. To me ake gani yanzu?

Daga Birni: Kirinjijiya, agwagwar ruwa mai farar fuska, fitonta za ka fara ji kafin ka gan ta. Balbela bakinta rawaya ne. In ka ga fara mai baƙin baki da yatsu rawaya cikin ruwa, wata ce daban. Akwai zalɓe, akwai hasbiya da cilakowa a itatuwa. Ƙananan masu dogon ƙafa da ke tsattsagar laka, yawancinsu baƙi ne masu shirin komawa Turai, zuwa Mayu sun yi ƙaranci. Shamuwa kuwa sai damina ta matso.

Daga Garin Malam: Malam, ka manta zakaran ƙeƙuwa. In ya yi ta ihu yana kawo maka sura, ƙwansa na kusa, a ƙasa yake sa su. Ja da baya nan take, don in uwar ta daɗe ba ta rufe su ba rana ce za ta dafa su.

Daga Zango: Ruwan sha lita 2 ga kowa, malafa, takalmi rufaffe saboda ƙarangiya. Farar riga a bar ta gida. Kuma kada a shiga ruwan tafki, tsargiya ake kamawa.