Neman shawara: yayana yana Darak, ya zauna ko ya dawo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Argungu nake. Yayana masunci ne, ya tafi Tafkin Chadi tun yana saurayi ya zauna a Darak, lokacin garin yana hannun Najeriya. A ƙarshen 2003 aka miƙa garin ga Kamaru. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'ya, kwalekwalensa da kalli da ɗakin banda duk suna can. Yanzu kullum ana tambayarsa takardar zama, an taɓa ƙwace masa raga. Wasu sun ce ya karɓi ɗan ƙasancin Kamaru ya huta. Inna ta ce ya dawo. Don Allah ku ba ni shawara.

Baban Asiya: Wa'alaikumus salam. Ya dawo gida kawai, ɗana. Akwai kifi a Yawuri.

Lauya daga Birnin Kebbi: Baba, a yi haƙuri, kada ya yi gaggawa. Kotun Duniya ta yanke hukuncin iyakar Najeriya da Kamaru ranar 10 ga Oktoba 2002, kuma a cikinsa ta rubuta alƙawarin da Kamaru ta yi na ci gaba da kare 'yan Najeriya mazauna Bakasi da yankin Tafkin Chadi. Ƙasa aka miƙa, dukiyarsa tasa ce. Sai dai Yarjejeniyar Greentree ta 2006 tsakanin Najeriya da Kamaru, wadda ta hana korar mutane ko tilasta musu canza ƙasa, ta kuma ba su damar ci gaba da kamun kifi da noma, Bakasi kaɗai ta shafa. Kada ya dogara da ita. Kuma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka takardar zama dole ce. Ya nema ta hanyar hukuma, duk abin da ya biya ya karɓi rasit.

Maman Khalifa: Ni yaran ne suka tsaya mini a rai. Suna da takardar haihuwa? Yaron da babu sunansa a Kamaru, babu a Najeriya, ina zai sa kansa in ya girma?

Lauya daga Birnin Kebbi: Hajiya ta taɓo babbar magana. Sashe na 25 na tsarin mulkinmu ya ce ɗan da ɗan Najeriya ya haifa a waje ɗan Najeriya ne. Amma dokar Kamaru ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, don haka ya yi nazari sosai kafin ya sa hannu. Malam, ka fara da karɓo masa takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarku, sannan in ya samu dama ya kawo yaran a yi musu NIN.