Abin da aka tsayar kan tsaron rawuta

Da muka zauna da masu haɗa intanet a ofisoshi da gidaje, bakinsu ya zo ɗaya a kan WEP, tsohon tsarin kulle Wi-Fi na rawuta (na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis): a guje shi, domin cikin 'yan mintuna ake fasa shi. In rawutarka na da WPA3, sabon tsarin kullewa wanda ya fito a 2018, shi za ka zaɓa. In kuwa akwai tsofaffin wayoyi a gida da suka ƙi kamawa, sai a koma WPA2, wanda ya gabace shi, tare da hanyar ɓoye bayanai ta AES, ban da tsohuwar hanyar TKIP.

An fi daɗewa ana tattaunawa a kan WPS, hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta danna maɓalli ko saka lamba maimakon kalmar sirri. Lambarsa mai alƙaluma takwas ce kacal, kuma tun 2011 aka gano cewa ana iya cankar ta kashi biyu, don haka a kashe shi gaba ɗaya. Ni ma nan na fi damuwa, saboda rawutoci da yawa a kunne suke zuwa da shi.

Kalmar sirrin Wi-Fi ta wuce haruffa 12, kada ta zama lambar wayarka. A sauya "admin", wato kalmar shiga shafin saiti da rawutoci da yawa ke zuwa da ita, tun ranar farko.

Ɓoye sunan rawuta kuwa, wasu sun so, amma galibi sun ce ba ya hana ɓarawo, sai wahalar da mutanen gida.