Shawarwarin masu gyara kan Cadillac ta 1948

A hirar da masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka suka yi kan farfaɗo da Cadillac mai ƙofa biyu ta 1948, an fi daɗewa a kan bayanta. 'Yan fukafukan nan da ke kan fitilun baya, masu zanen General Motors, kamfanin da ke ƙera Cadillac, ƙarƙashin shugabansu Harley Earl, sun kwaikwayo su ne daga jirgin saman yaƙi na P-38 Lightning mai jela biyu. Shi ya sa baki ya zo ɗaya cewa kada mai gyaran bodi ya kuskura ya sauya lanƙwasar wurin. Idan tsatsa ta ci, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe, kada a shafe da fenti a rufe. A kuma lura da fitilar hagu, domin a ƙarƙashinta murfin tankin mai yake ɓoye, ɗaga ta ake yi.

Inda aka yi ta ja-in-ja shi ne lantarki. Motar da batir mai bolt 6 ta fito. Wasu na ganin a mayar da ita 12 don ta riƙa tashi da sauƙi, wasu suka ce wayoyi masu kauri da tsaftataccen haɗi sun isa. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Injinta V8 ne, wato mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 150, kuma yawanci sun ce a bar shi. Birki kuwa, a sake robobi da bututun mansa kafin a hau titi.