Allura a Ɗaki, Riga a Fada

'YAR KWARBAI:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu alƙalami. Jiya da yamma na shiga gidan Yayata a cikin birnin Zariya, na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki tana ta lalube da zare, ta kasa samun kafar allura har sai da autarta ta karɓa ta zura mata. Shekara 26 ke nan tana ɗinkin babbar riga. Da kuɗin allurar nan ni da yayanmu namiji muka yi karatu, ita kuwa a aji uku na sakandare aka tsayar da ita. Na dawo gida barci ya ƙi zuwa, shi ne na rubuta wannan. Amsa-amona "ya" ne, mai amsawa ya riƙe shi in ya ga dama.

Da sunan Rabbana na ɗau alƙalami,
Ya ba ni ikon faɗin zancen gaskiya.

Mu uku Inna ta haifa a Kwarbai,
Yaya, sai namiji, sai ni can baya.

Malamai sun san ta tun firamare,
Kowace jarrabawa ita ke zuwa ta ɗaya.

Ran da kuɗi suka gaza a gidanmu,
Ba a yi shawara ba, ba a yi tambaya.

Aka ce namiji shi ne bangon gida,
Mace ta gidan wani ce, sai ta tsaya.

Ta ninke farar rigar makaranta,
Ta sa ƙasan adaka, kuka a zuciya.

Ta ɗau allura, ta ɗauki zare,
Ta shimfiɗa shaddar wani bisa cinya.

Namiji ke zana aska takwas da biro,
Ita ke cikewa, wata biyu ba gajiya.

Fitilar ƙwai ta shanye mata ido,
Yatsa ya yi kanta, ciwo ya kama baya.

Dillali ya zo zaure ya karɓa,
Shi ya san kasuwa, shi ya san mai saya.

Abin da ya miƙo ta bakin labule,
Shi za ta karɓa, har ta yi godiya.

Ran hawan sallah riga ta fito fada,
Maroƙa na kirari, mai doki na fariya.

Ba wanda ya ce wa ya ɗinka wannan,
Mai aikin na ɗaki, ba suna, ba murya.

Da wannan kuɗin yayanmu ya gama jami'ar ABU ta Kongo,
Da shi ni ma na ga Samaru lafiya.

To ku gaya mini, 'yan'uwa Zage-zagi,
Garin nan sunan mace gare shi, Zariya,

Ganuwarsa ta Amina ake ce mata,
Don me littafi ya gagari ɗiya?

ƊAN TUDUN WADA:

Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba Yaya lafiyar ido, ya saka mata da alheri. Na riƙe amsa-amonki, amma ki ba ni dama in faɗi namu. Keke napep nake ja daga Tudun Wada zuwa PZ da Kwangila, abin da ke kan titi a idona yake.

Anti na ji kukanki, ya taɓa ni,
Ban zo nan in ce kin yi ƙarya.

Amma leƙo Kwangila da sassafe,
Ki ƙirga yara maza a bakin hanya.

Wani da robar bara, wani da baro,
Wani na bin mota yana dakon kaya.

Su ma fa ba wanda ya kai su aji,
Talauci bai tambayar ɗa ne ko ɗiya.

Ni da kaina a aji biyar na bari,
Da Baba ya kwanta muka shiga jinya.

Aka ce kai ne namiji, tashi nema,
Ba wanda ya tambaye ni ko na iya.

Sadaki, lefe, haya da cefane,
Duk a wuyan namiji aka rataya.

In mace ta samu, nata nata ne,
Nawa kuwa na gida ne gaba ɗaya.

MALAMA TA ƘOFAR GAYAN:

Ɗana, ba ka yi ƙarya ba, yaron da ke bara a Kwangila namu ne. Sai dai ka koma kan abin da aka tambaya: ran da kuɗin ɗa ɗaya kaɗai ake da shi a gida, wa ake zaɓa? Shekarata 19 ina koyarwa a makarantar 'yan mata, na san lokacin da benci ke fara zama wayam. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, to daidai inda tara ɗin ta ƙare, tsakanin aji uku da aji huɗu, nan ake kwashe su. Kuma maza sun daɗe da riga mu: an kafa kwalejin Barewa a Katsina tun 1921, ta iso garin nan a 1949. Na sauya amsa-amo zuwa "ta". Kanawa na cewa Bazazzagi bai san "ta" da "ce" ba a magana, to yau ga ta a ƙarshen kowane baiti.

Shehu Usmanu ya yi wa malamai faɗa,
Masu karantar da baƙi, na gida an manta.

'Yarsa Asma'u da harshe uku ta yi waƙa,
Larabci, Fulatanci, Hausa duk ta rubuta.

Ta naɗa jaji, malamar mata, ta ɗora mata malfa,
Ta shiga ƙauye, 'Yan Taru na karanta.

Wannan a Sakkwato, tun kafin Bature,
Ba boko ya fara kai mace makaranta.

Gawon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa,
Barewa ta yaye su, ajinsu ba mata.

Ina da ɗaliba, gwanar lissafi ce,
Farantin talla ke hana ta bita.

Kuɗin tallar na kayan ɗaki ne,
Gado da kwano ake tara wa aurenta.

Aka dawo hutu, bencinta ba kowa,
Ƙawa ta miƙo mini alawar bikinta.

Na shiga ofis na rufe na yi kuka,
Takardarta ta ƙarshe har yau ban yar da ita.

Ba aure nake ƙi ba, aure sunna ne,
A bar ta da littafi ko tana ɗakinta.

HAJIYA MAI ATAMFA, SABON GARI:

Malama, Allah ya ƙara basira. Ni Ɗan Tudun Wada zan amsa wa, don baitinsa na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Kuma tunda a Sabon Gari nake, dole in ambaci Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke amsa sunanta. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa na 1959, mu na Arewa sai 1979. Ban manta ba, a 2019 jihar nan ta zaɓi Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna, kuma na yi murna ranar. Amma majalisar dattawan da aka kafa a 2023, kujera 109 ce, mata huɗu ne a kai. Nawa amsa-amon "ri" ne.

Ƙanena, ka ce nata nata ne,
Haka yake a littafi, zo ka gani a gari.

Da adashi na fara, mu goma sha biyu,
Kwasata ta farko ita ce jari.

Turmi shida na saro, ina bi gida-gida,
Yau ni da kaina nake zuwa Kantin Kwari.

Na je banki neman rance in ƙara,
Suka ce takardar fili, in babu sai haƙuri.

Gonar Babanmu na nan a bakin Galma,
Shekara tara ba rabo, wai ana shiri.

Rabin na namiji Allah ya yanka mini,
Shi ɗin ma sai kwanon hatsi, wai alheri.

In cefane ya yanke, jarina ake taɓawa,
Ba a rubuta bashi, sunansa rufin asiri.

Kuɗin makaranta in ya zo miji ba shi,
Wa ke kwance bakin zane a ɓoye da wuri?

A layinmu mu mata mun fi yawa a rumfa,
Shugabannin ƙungiya maza ne tun fari.

Ran zaɓe mu ke cika layi tun asuba,
Ran rabon kujera sai atamfa da kirari.

Don mu jefa ƙuri'a Gambo Sawaba
Ta sha bulala, ta sha gidan yari.

BABA NA KUSFA:

'Ya'yana, an karanta mini duka. Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekarata 74, jikana ke buga mini wannan a waya. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara ko ya sassauta.

Ni ne uban da kuke ta faɗa,
Ban zo nan in kare kaina ba.

'Yata ta fari ta samu WTC, kwalejin malamai mata ta Kongo,
Na karɓi takardar, ban kai ta ba.

Abokan zaure suka ce boko buɗe ido ne,
Na bi tasu, ban tambayi uwarta ba.

Mijin kirki na ba ta, Allah shaida,
Shekara sha ɗaya, ajali bai jira ba.

Dangi suka zo da takarda ran arba'in,
Ta dangwala yatsa, ba ta san na ciki ba.

Shago da fili suka bi wannan yatsa,
Marayu huɗu ba su ga ko kwabo ba.

Ta dawo ɗakin uwarta tana tuyar ƙosai,
Ko sau ɗaya ba ta ce Baba kai ne ba.

In ta kawo mini koko ta durƙusa,
Ba na iya kallonta, ba ta sani ba.

Takardar nan tana cikin akwatina,
Ta yi ja, amma ban iya yagawa ba.

'Yarta na Samaru, haɗa magani take karanta,
Fanshona ke biya, ban taɓa jin ciwo ba.

ƊAN TUDUN WADA:

Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ja da ranka ka ga ranar gamawarta. Hajiya, na ji. Kullum ina wucewa ta gaban makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan. Wani fasinja malamin jami'a ya taɓa gaya mini cewa a nan Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a Nijeriya, har daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar. Na ji na wuce, sai yau zancen ya dawo mini.

Hajiya kin kama ni a zancen cefane,
Matata ta sha rufa mini, ban ko biya.

'Yata in ƙaramin jirgi ya gifta samanmu,
Sai ta ɗaga kai, ta ce Abba zan iya?

Da can nakan ce mata wannan na maza ne,
Yau zan ce riƙe lissafi, akwai hanya.

Amma yaran Kwangila kar a mance su,
Su ne mazan 'ya'yanmu gobe, a shirya.

'YAR KWARBAI:

Na gode muku duka. Yau bayan la'asar na koma na karanta wa Yaya abin da kowa ya rubuta. A wajen na Baba ta ajiye allura ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta ɗago sai ta ce in ɗauko biro, ita ma tana da nata. Ga shi yadda ta faɗa.

Ƙanwata ta karanta mini zancenku,
Na gode, ku share hawaye, ina lafiya.

Allurata ba abin kunya ba ce,
Ta yi digiri biyu, ta riƙe zuriya.

Abin da ke cina farashin da ban sani ba,
Nawa ake sayarwa bayan ta bar cinya?

Tabarau nake so, likita ya auna ni,
Da waya a hannuna in ji muryar mai saya.

Asabar da Lahadi na koma aji,
Mu sha takwas ne, har da kishiya.

Lissafina bai tafi ba, yana nan,
Malama ta ce har yau ni ce ta ɗaya.

Sunana zan ɗinka cikin aljihu,
Da shuɗin zare, ko mai riga ya ƙiya.

Zancen tabarau na ɗauka, ranar Litinin zan kai ta asibitin Shika a duba idon, yayanmu ya ce shi zai biya. Ta kuma ce in ƙara da cewa akwai riguna masu aska biyu guda biyu da ta gama, dillali bai zo ba tukuna.

HAJIYA MAI ATAMFA, SABON GARI:

Kada ya zo. Ki kawo mini su rumfa ranar Laraba da sunan a ciki, ina da masu neman rigar ango. Ki taho da Yaya in maigidanta ya amince, ita za ta faɗi kuɗin da bakinta.