Wai kamfani in ya fara girma gara ya haɗa kilawud ɗinsa a gida?

Ɗan Linux: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana. Kamfani in ya fara girma, asara ce ya ci gaba da zuba wa AWS ko Azure, masu ba da hayar kwamfutoci ta intanet da ake ce wa kilawud, kuɗin haya duk wata. Ka sayi saba guda mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ka ɗora mata manhajar Proxmox, ka tsaga ta gida takwas, kowane gida ana ce masa VM, wannan VM na akawu, wannan na fayiloli, wannan na imel, kowanne yana ganin shi kwamfuta ce mai zaman kanta. Shikenan ka mallaki kilawud naka, bayananka suna hannunka.

Injiniya: Haba ƙanina, saba ɗaya kake ce wa kilawud? Abin da ka faɗa tsaga saba ne kawai, kuma IBM tana yin haka tun shekarun 1960. Kilawud sai ya zama injina da yawa sun haɗu wuri guda, ma'aikaci ya shiga da kansa ya buɗe VM ba sai ya zo ya roƙe ka ba, irin aikin da manhajar OpenStack take yi tun 2010. Sannan ranar da madabod ɗin sabar nan taka ya ƙone duk takwas ɗin za su kwanta lokaci guda. Mafi ƙaranci saba uku.

Hajiya: Toh ni ban gane ba, me ya sa uku? Biyu ba su isa ba? Mu sabobi huɗu gare mu duk sun tsufa, kowacce aiki ɗaya take yi, yaron da ke kula mana da su ya ce yawancin lokaci zaman banza suke, sai cin wuta da ƙarar fanka.

Injiniya: Hajiya irin naki kam tsagawar ta dace, ba musu. Maganar uku kuma ƙuri'a ce. In biyu ne kuma wayar da ke tsakaninsu ta yanke, kowacce sai ta ɗauka 'yar uwarta ce ta mutu, in aka bar su dukkansu za su tada VM ɗaya su riƙa rubutu a faifai ɗaya har bayanan su dagule, shi ya sa Proxmox ba ya yarda sai an samu rinjaye. In kuɗi bai kai ba a sayi biyu, a ƙara ƙaramar kwamfuta ko da Raspberry Pi ce ta riƙa jefa ƙuri'a ta uku.

Akanta: Duk kun tsallake lasisi. Broadcom ta kammala sayen VMware, kamfanin manhajar tsaga saba, a Nuwamba 2023, ta daina sayar da lasisin dindindin ta koma biyan shekara-shekara, mutanen da suka ce sun gudu daga haya sai ga su cikin haya a sabar da suka saya da kuɗinsu. Kuma lasisin Windows Server Standard VM biyu kacal ya ba ka, in ka wuce sai ƙarin lasisi ko babban lasisin da ake ce wa Datacenter.

Ɗan Linux: Ai shi ya sa na ce Proxmox, Oga, KVM ne ke yin tsagawar a ƙarƙashinsa kuma yana cikin Linux tun 2007, ba mai tashi ya ƙara maka kuɗi da tsakar rana. Ba ku ga Dropbox sun kwashe yawancin ajiyarsu daga AWS wajen 2016 ba? Kamfanin 37signals ma sun fita a 2023. Ga kuɗin fitar da bayanai da ake caja, shiga kyauta fita da kuɗi. Kuma kilawud ɗin ma ba ya ƙonewa ne? Wurin sabobin kamfanin kilawud na OVH da ke Strasbourg a Faransa ya kama da wuta a Maris 2021.

Akanta: Waɗancan suna da rundunar injiniyoyi. Hajiya yaro ɗaya gare ta, in faifai ya mutu ƙarfe 2 na dare wa zai tashi? In ya samu wani aikin ya tafi da fasawod a kansa fa? Albashin mutum na biyu ka sa shi a lissafi tukuna.

Hajiya: Wlh wannan ta taɓa ni. Amma ya ce yana ɗaukar sinafshot kullum.

Injiniya: Sinafshot hoton yadda VM yake a lokacin ne kawai, ba bakap ba ne Hajiya, wato kwafin da ake ajiyewa daban, a faifai ɗaya suke zaune da VM ɗin, in ya tafi sun tafi tare. Bakap na gaskiya kwafi uku ne, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma ki sa shi ya dawo da VM guda daga bakap a gabanki ki gani da idonki.

Ɗan Linux: Toh na waje ɗin a ina za a ajiye?

Akanta: A kilawud ɗin da ka ce asara ne mana 😂

Ɗan Linux: Ajiya daban, gudanar da aiki daban, kar ka haɗa min su.

Hajiya: Ku bar faɗan, RAM nawa zan ce a sa?

Injiniya: Kar ki ce komai tukuna, ya auna abin da huɗun nan suke ci na wata guda har da ƙarshen wata lokacin biyan albashi, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a ciki, ke fara ƙarewa kafin furosesa. Ya turo mana lambobin nan mu duba.